Ligue 2 ta 2022-23: a fili aka gama ta, ko a ofis?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Kakar 2022-23 ta Ligue 2, wato rukuni na biyu na ƙwallon Faransa, ni a ganina ba 'yan wasa ne suka yanke ta ba, masu kwat ne a ofisoshin Paris. Ga hujjata. An buga wasannin ƙarshe ranar Juma'a 2 ga Yunin 2023, amma ba wanda ya san cikakken teburi sai 12 ga wata, da kwamitin ladabtarwa ya yanke hukunci kan wasan Bordeaux da Rodez. Annecy ta kwana ranar 2 ga wata tana saman layin faɗuwa, ranar 12 aka ce ta faɗi, a farkon Agusta kuma aka ce ta dawo don an kori Sochaux saboda matsalar kuɗi, alhali Sochaux ta 9 ta ƙare. Ita kanta Bordeaux, saura kwana uku a fara kaka aka tabbatar mata da gurbinta. Saint-Étienne kuwa da bashin maki 3 ta fara. To ina filin yake a nan?

Mai Teburi: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa abubuwa huɗu a buhu ɗaya, bari mu fara da saman teburi. Le Havre ta ɗauki kofi da maki 75: nasara 20, canjaras 15, rashin nasara 3. Ƙwallo 46 kawai ta ci a wasa 38, amma 19 aka zura mata, wato rabin ƙwallo a kowane wasa. Ta yi wasa 32 a jere ba a doke ta ba. Wane ofishi ne ya tsare wa golanta Arthur Desmas raga? Metz ta zo ta biyu da maki 72, Georges Mikautadze shi kaɗai ya ci 23, ya zama kan gaba a masu cin ƙwallo. Bordeaux ta uku da 69, Bastia ta huɗu da 60. Guraben hawa biyu ne, kuma waɗanda suka fi kowa maki su suka hau.

Baban Ummi: Maki 69 na Bordeaux ai na wasa 37 ne da minti 22. Sauran mintunan wasa na 38 ba a buga su ba, a takarda aka rubuta sakamakon.

Mai Teburi: To mu lissafa sauran mintunan. Ranar ƙarshe Metz da Bordeaux kowacce na da 69, Metz na gaba da rarar ƙwallaye. Metz ta ci Bastia 3-2, ta kai 72 da rarar 28. Bordeaux ta shiga fili da rarar 24. Ko ta ci Rodez, 72 za ta yi, sai an koma rara: ratar ƙwallo huɗu kafin ta kamo Metz, biyar kafin ta wuce ta. Kuma lokacin da aka tsayar da wasan ita ake ci 1-0. Ƙungiyar da ta ci 51 a kaka gaba ɗaya, wadda Josh Maja na Super Eagles ne babban mai ci mata da ƙwallo 16, ita ce za ta zura biyar ko shida cikin minti 68? Hawan Bordeaux tun mako na 37 ya suɓuce, ranar da Annecy ta doke ta 1-0, Metz kuma ta je Sochaux ta yi nasara. A fili aka yi wannan.

Alƙalin Gefe: Don waɗanda ba su bi abin ba, ga yadda ya faru. Filin Matmut Atlantique cike yake. A minti na 22 Lucas Buades ya ci wa Rodez. 'Yan wasan suna murna a kusa da ɓangaren magoya bayan Bordeaux na kudu, sai wani ɗan kallo ya shigo gefen fili ya hankaɗe Buades, ya faɗi ƙasa. Alƙalin wasa Nicolas Rainville ya mayar da kowa ɗakin sauya kaya. Likita ya duba ɗan wasan, aka ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, ba zai iya ci gaba ba. Daga nan alƙali ya sanar cewa an tashi wasan.

Abin da ya kamata a gane shi ne, alƙalin wasa ba shi da ikon cewa wa ya ci. Nasa ya tsayar, ya rubuta rahoto. Wakilin hukumar gasar shi ma ya rubuta nasa. Fayil ɗin ya tafi kwamitin ladabtarwa na LFP, hukumar da ke gudanar da Ligue 1 da Ligue 2, aka sa mai bincike, aka kira ƙungiyoyin biyu suka yi bayani. Hanyoyi uku ne a gaban kwamitin: a ci gaba daga inda aka tsaya, a sake wasan daga farko, ko a ce mai masaukin baƙi ta yi asarar wasan. Na ukun suka ɗauka. Suka ƙara da cire wa Bordeaux maki 1 daga kaka mai zuwa, da rufe wannan ɓangaren na 'yan kallo na wasu wasanni. Tsaron fili a wuyan mai gida yake, wannan tsohuwar ƙa'ida ce, ba don Bordeaux aka ƙirƙiro ta ba.

Na Damagaram: Yallabai Alƙali, ƙa'idar tsohuwa ce, amma ba kowa ake auna wa da mudu ɗaya ba. A Agustan 2021 magoya bayan Nice sun shigo fili suka yi dambe da 'yan wasan Marseille. Me aka yi? An sake wasan a Troyes ba 'yan kallo, aka cire wa Nice maki. A Nuwamban wannan shekarar aka jefi Dimitri Payet da robar ruwa a ka a filin Lyon, wasa bai yi minti biyar ba. Aka cire wa Lyon maki 1, aka sake wasan. A Disamban 2016 aka jefa wa mai tsaron ragar Lyon, Anthony Lopes, abin fashewa a Metz, nan ma sake wasa aka yi. Bayan maganar Bordeaux ma, a Oktoban 2023, an yi wa Mory Diaw na Clermont irin wannan a Montpellier, aka sake bugawa. Sau huɗu ke nan. Me ya sa a nan kaɗai aka miƙa maki 3 a faranti?

Alƙalin Gefe: Ba nan kaɗai ba ne. Afrilun 2017, Bastia da Lyon: magoya bayan Bastia suka far wa 'yan wasan Lyon tun wajen motsa jiki, suka sake yi a hutun rabin lokaci. Ba a sake wasan ba, Lyon aka ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duba watannin misalanka: Agusta, Nuwamba, Disamba, Oktoba. Duk farko ko tsakiyar kaka, akwai ranar Laraba da za a cusa wasan, kuma sakamakonsa bai yanke wa kowa hukunci nan take ba. Wasan mako na 38 daban ne. Dalilin da ya sa ake take dukkan wasannin makon ƙarshe a lokaci ɗaya shi ne kada wata ƙungiya ta san abin da take buƙata kafin ta buga. Da an sake wasan a tsakiyar Yuni, Bordeaux za ta shigo ta san adadin ƙwallayen da take nema daidai, Rodez ta san canjaras ba zai cece ta ba. Metz da ta riga ta gama nata cikin duhu, ta ce me? Wato laifin ɗan kallon Bordeaux ya zama riba ga Bordeaux. Ga kuma matsalar aiki: sauran ƙungiyoyi sun sallami 'yan wasa hutu, wasu an kira su wasannin ƙasashensu na Yuni, kwantiragi da aro na ƙarewa 30 ga wata, shi kuma wanda aka ji wa ciwo dokar girgizar ƙwaƙwalwa ta hana shi wasa sai likita ya sallame shi.

Ƙaramin Koci: Yaya, ni abin da ban gane ba, ai sauyi biyar ake da shi. Rodez ta cire Buades ta sa wani, a ƙarasa wasan a daren. Da duk wannan rigimar ba ta taso ba.

Alƙalin Gefe: Ƙanena, in ɗan wasa ya ji ciwo a karo da abokin hamayya, sauyi ne maganinsa, wannan cikin wasa yake. In ɗan kallon masu gida ne ya fitar da shi, ka tilasta wa baƙi su ƙarasa ba tare da wanda ya ci musu ƙwallo ba, kuma sun ƙona sauyi ɗaya ba da son ransu ba. In aka yarda da haka sau ɗaya, an koya wa kowane fili hanyar cire ɗan wasan da ya dame su. Sannan alƙali ba likita ba ne. Na san a Bordeaux da yawa sun ce faɗuwar ta fi hankaɗar girma. Ko ma dai me mutum ya gani a hoton bidiyo, da zarar likita ya rubuta, alƙali ba shi da hurumin cewa ƙarya ne.

Baban Ummi: Na ji maganar sama, Malam Mai Teburi. Bar Bordeaux, sauko ƙasa. Rodez na da maki 43 kafin wasan, Annecy ta gama da 45. Canjaras zai kai Rodez 44, ta faɗi. Nasara kaɗai ke cetonta, a gidan ƙungiya ta uku, a gaban mutum kusan dubu arba'in. An ba ta maki 3, ta koma 46, Annecy ta gangara ta 17. Annecy ba ta je Bordeaux ba, ba ta hankaɗe kowa ba, ita ce kuma ta biya kuɗin. Bordeaux da ta yi laifin, wasan da aka ƙwace mata ba abin da ya rage ta da shi, tunda ka ce ko an buga ba za ta hau ba. Wannan hukuncin wa ya hukunta ke nan?

Mai Teburi: A nan hujjarka ta fi ƙarfi, ban musa ba. Amma a tuna Annecy ita ma tana da nata wasan a daren, a gidan Paris FC, aka ci ta 1-0. Da canjaras ta yi, ta kai 46, lissafin ya canza. Valenciennes ma 45 ta gama, rarar ƙwallaye ce ta ɗora ta sama da Annecy. Laval kuwa a ƙarin lokaci Djibril Diaw ya ci mata a Amiens, ta tsallake rijiya da baya da maki 46. Ƙungiyoyi huɗu cikin tazarar maki ɗaya. A irin wannan cunkoson kowane bugun kusurwa na watan Satumba ma ana iya cewa shi ya yanke.

Na Damagaram: Kuma abin tausayin, Annecy ɗin nan ce ta je filin Vélodrome, gidan Marseille, ta fitar da ita a bugun fenariti a Kofin Faransa, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Toulouse ta tsayar da ita. Ita ce ta karya wa Le Havre jerin wasa 32 ɗin, ita ta doke Bordeaux. Sabuwar hawa ce daga National, wato rukuni na uku, mai ƙaramin kasafi. A kakar da aka saba, ta 17 ba ruwanta da faɗuwa. Ta 19 da ta 20 ke tafiya, ta 18 ta buga wasan cike gurbi da ta uku a National.

Baban Ummi: Madalla, ka kawo ni inda nake so. Wa ya ce huɗu za su faɗi a wannan shekarar? Ofis. A Yunin 2021 aka zauna aka ce Ligue 1 za ta koma ƙungiya 18 daga 2023-24. Don haka huɗu suka sauko daga sama, Auxerre da Ajaccio da Troyes da Angers, biyu kawai suka hau, aka soke wasannin cike gurbi gaba ɗaya. Don Ligue 2 ta tsaya a 20, dole huɗu su gangara National, biyu su hau, Concarneau da Dunkerque. A kakar 2021-22 Auxerre ta uku ta zo, ta fitar da Sochaux, ta fitar da Saint-Étienne a bugun fenariti, ta hau. Da tsarin nan na nan, Bastia za ta karɓi Caen, wadda ta ci ta je Bordeaux wasa ɗaya, wadda ta tsira ta kara da ta Ligue 1 gida da waje. Bordeaux ta ba ta huɗu ratar maki 9, ta tashi a tutar babu. Sannan kowa ya san dalilin ragin: kuɗin talabijin. Kwantiragin Mediapro, kamfanin da ya sayi haƙƙin nuna wasannin, ya rushe a ƙarshen 2020, abin rabawa ya ragu, manya suka ga gara a rage bakunan da ke ci.

Alƙalin Gefe: Malam, a raba dokar da aka kafa kafin a take ƙwallo da hukuncin da aka yanke bayan an tashi. Ragin ƙungiyoyi kowa ya san da shi fiye da shekara guda kafin wasan farko. Kowane shugaban ƙungiya ya tsara kasafinsa da sayen 'yan wasansa ya san biyu ne za su hau, huɗu su faɗi. In wannan ne ma'anar ofis, to maki 3 na nasara ma a ofis aka yanke shi. Maki 3 na Saint-Étienne ma haka: magoya bayanta suka mamaye fili da tartsatsin wuta bayan wasan Auxerre a Mayun 2022, aka hukunta ta tun kafin kaka. Ta gama da 53, mayar mata da ukun 56 ne. Ba ta kusa hawa, ba ta kusa faɗuwa. Abin da ya kusa kashe ta shi ne rabin kakar farko, da ta tafi hutun Kofin Duniya na Qatar tana can ƙarshen teburi. Kocinta Laurent Batlles ya gyara ta ne da 'yan wasan da aka sayo a kasuwar hunturu, ga Jean-Philippe Krasso na ci.

Hajiya Akanta: Sannunku da ƙoƙari. Kun daɗe a kan kwamitin ladabtarwa, alhali ofishin da ya fi taɓa wannan kakar shi ne DNCG, hukumar da ke binciken kuɗin ƙungiyoyi. Bari in faɗi yadda take aiki, don ana yawan ɗaukar ta kamar wata kotu mai kora yadda ta ga dama.

Kafin ƙarshen kaka kowace ƙungiya ta ƙwararru tana miƙa abu biyu: ƙiyasin yadda asusunta zai rufe ranar 30 ga Yuni, da kasafin kaka mai zuwa. A watan Yuni shugabanni ke zuwa ɗaya bayan ɗaya su kare takardunsu, a sake dubawa wajen Nuwamba zuwa Disamba. Tambayar guda ce: wannan ƙungiyar za ta iya biyan albashi da haraji da basussuka har ƙarshen kaka mai zuwa? In akwai giɓi, mai ƙungiya ya cike shi da abin da ake gani: ƙarin jari, ko yafe bashin da yake bin ƙungiyar, ko kuɗi a ajiye cikin asusun da aka kulle, ko lamunin banki. Wasiƙar alkawari ba ta wadatarwa. Cewa za mu sayar da ɗan wasa kaza a Agusta ma ba a ɗaukarsa a matsayin kuɗi a hannu. Hukuncin hawa-hawa ne: a ƙayyade jimillar albashi, a hana sayen ɗan wasa da kuɗi, a hana ɗauka gaba ɗaya, a saukar da ƙungiya rukuni ɗaya, ko a fitar da ita daga gasannin ƙasa. Wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara a kwamitin da ke ƙarƙashin FFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa, daga nan sulhu a CNOSF, wato kwamitin Olamfik na Faransa, wanda shawara kawai yake bayarwa, daga nan kotun gudanarwa.

Sochaux a nan ta faɗi. Ƙungiya ce da Peugeot ta kafa a 1928, amma a lokacin tana hannun kamfanin Nenking na China. An kashe kuɗi a kan 'yan wasa da niyyar hawa, hawan bai samu ba, mai ƙungiya bai zuba abin cike giɓin ba. Aka saukar da ita a ƙarshen Yuni, ɗaukaka ƙara bai yi ba, yunƙurin Romain Peugeot na sayenta ta zauna a Ligue 2 bai kai ba. Sai tsohon shugabanta Jean-Claude Plessis da Pierre Wantiez suka haɗa masu zuba jari da gudummawar magoya baya, aka samu ta tsaya a National maimakon rugujewa gaba ɗaya. Gurbin da ta bari, doka ta ce na wadda ta fi matsayi cikin waɗanda suka faɗi ne. Annecy ke nan.

Baban Ummi: To Hajiya, ai kin ƙarasa mini aikin. Ta 9 ta faɗi, ta 17 ta tsira.

Hajiya Akanta: A'a Malam, juya shi. Maki 52 ɗin da Sochaux ta tara, da 'yan wasan da ba ta da halin biyansu ta tara su. Annecy da Rodez da Laval da Pau sun tsaya iya kuɗinsu, suka yi ta fama a ƙasa. In aka bar mai kashe abin da ba shi da shi ya riƙe gurbinsa, an cuci mai tsumulmula, kuma wannan cutar a fili take bayyana ko da ba a ganinta a allon sakamako. Ga haɗarin da ya fi wannan: ƙungiya ta rushe a watan Fabrairu, a soke wasanninta, wanda ya doke ta ya yi asarar makinsa, wanda ta doke ya ci riba. Gara a tsayar da ita a Yuli.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne lokaci. Annecy ta san tana Ligue 2 ne ana saura 'yan kwanaki a fara kakar 2023-24. Wata biyu tana shiri da kasafin National: kuɗin talabijin daban, albashin da za ta iya tayawa daban, 'yan wasan da za su yarda su zo daban. Waɗanda take so sun riga sun sa hannu a wani wuri. Matakan ɗaukaka ƙara suna cin Yuli gaba ɗaya, kuma wanda ke jiran gurbin ba shi da bakin magana a ciki.

Na Damagaram: Hajiya, in DNCG na da tsauri haka, yaya Bordeaux ta buga wannan kakar tun farko? A Yunin 2022, bayan ta zo ta ƙarshe a Ligue 1, an saukar da ita National. A farkon Yuli kwamitin ɗaukaka ƙara ya tabbatar. Sai ga shi 27 ga Yuli kwamitin zartarwa na FFF ya dawo da ita, 30 ga wata ta buga da Valenciennes. Villefranche da ke jiran gurbin ta koma gida. Da ƙaramar ƙungiya ce, da an yi mata wannan haƙurin? Mai kofin Ligue 1 shida ce, da fili mai cin mutum dubu 42, shi ya sa.

Hajiya Akanta: Girman suna yana buɗe ƙofa, ba na jayayya. Amma fayil ɗin ma ya canza tsakanin farkon Yuli da ƙarshensa. Masu bin ta bashi, King Street da Fortress, sun yarda a rage bashin. Mai ƙungiyar, Gérard Lopez, ya ƙara jari. Kotun kasuwanci ta Bordeaux ta amince da yarjejeniyar. An sayar da Sékou Mara ga Southampton, ga kason da ƙungiyar ke da shi a cinikin tsofaffin 'yan wasanta, Aurélien Tchouaméni zuwa Real Madrid da Jules Koundé zuwa Barcelona. Kuma ba sakinta aka yi haka nan ba, an ƙayyade mata albashi, har ta fara kaka ba ta iya yi wa wasu sabbin 'yan wasa rajista ba. Shi ya sa koci David Guion ya dogara da yaran makarantar ƙungiyar irin su Dilane Bakwa da Junior Mwanga.

Matsalar ita ce duk tsarin an gina shi ne a kan hawa cikin shekara ɗaya. Hayar babban fili, ma'aikata irin na Ligue 1, kuɗin shiga irin na Ligue 2. Da hawan ya kuɓuce, Maja ya tafi West Brom kyauta da ƙarewar kwantiraginsa, kaka ta gaba suka ƙare a tsakiyar teburi, tattaunawa da Fenway masu Liverpool ta watse a Yulin 2024, ƙungiyar ta ajiye matsayinta na ƙwararru, ta tsinci kanta a National 2, rukuni na huɗu. Troyes da ta zo ta 17 aka dawo da ita, kamar Annecy. Mai son ya zargi ofis, ga inda zai kama: ba tsaurin 2023 ba, sassaucin 2022.

Ƙaramin Koci: Ni dai ta fuskar wasa, abin da ya biyo baya bai nuna an ɗora wanda bai cancanta ba. Rodez ɗin da ake cewa a takarda ta tsira, kocinta Didier Santini ya kai ta ta 4 a kaka ta gaba, ta fitar da Paris FC a wasan cike gurbi, sai Saint-Étienne ce ta tsayar da ita. Le Havre ta koci Luka Elsner ta zauna a Ligue 1 bayan shekara 14 ba ta can. Metz ce ta dawo ƙasa nan take, ita ma sai a ƙarin lokaci a karawa ta biyu da Saint-Étienne, bayan ta sayar da Mikautadze ga Ajax ta sake aro shi a Janairu.

Baban Ummi: Ƙanena, abin da Rodez ta yi a 2024 ba ya buga mintuna 68 na 2023. Tambayata ga Alƙali: tunda sake wasa na ba Bordeaux riba, ba wa Rodez maki kuma na cutar Annecy, me ya hana a hukunta mai laifi kaɗai? A ce Bordeaux ta yi asarar wasan ko ta ci, amma Rodez sai ta ƙarasa mintunan a filin da ba na kowa ba, ba 'yan kallo, daga 1-0, ta kare nasararta da ƙafarta.

Alƙalin Gefe: Sai ka sa Bordeaux ta buga wasan da ba abin da za ta samu a ciki, da 'yan wasan da rabinsu sun ɗaure kaya. Wa zai sa ƙafarsa a karo a irin wannan wasan? In Rodez ta ci 3-0, Annecy za ta ce an sayar. In Bordeaux ta dage ta rama, Rodez za ta ce an jefa ta National a wasan da aka cire mata ɗan wasa da hannun ɗan kallo, kuma ita za ta tafi kotu. Sannan dokokin gasar ba su san wasan da sakamakonsa ke aiki a kan ɓangare ɗaya kawai ba. In za a gyara, a rubuta tun kafin kaka abin da za a yi da wasan makon ƙarshe in ya tsaya: a ƙarasa shi washegari ko a'a, a wane fili, da waɗanne 'yan wasa, kuma wa zai maye gurbin wanda aka ji wa ciwo ba tare da an lissafa shi cikin sauyi biyar ba.

Hajiya Akanta: A haɗa da ranar rufe ƙarar kuɗi. A ce zuwa tsakiyar Yuli duk matakai sun ƙare, wanda bai kawo kuɗinsa ba ya sauka, mai jiran gurbi ya samu aƙalla mako uku na kasuwa.

Na Damagaram: Hajiya, CNOSF da kotun gudanarwa ba a ƙarƙashin hukumar ƙwallo suke ba. LFP ba ta da ikon sa wa alƙalin kotu ranar da zai yanke hukunci, kuma ba ta iya hana ƙungiya kai ƙara. Abin da ke hannunta shi ne ta matso da zaman farko na DNCG zuwa Mayu ga ƙungiyoyin da aka riga aka sa wa ido tun binciken Disamba.

Hajiya Akanta: A Mayu ba a san rukunin da ƙungiya za ta buga ba, kasafi biyu za ta kawo, wani lokacin uku. Sochaux a farkon bazara tana cikin masu neman hawa. Wanne za a yanke mata hukunci a kai?